Amsa: Ɗaliba ta kawo min ƙorafin wariyar launin fata, me zan yi?

'Yar'uwa, kin ce wata likita da kike horarwa a asibitin koyarwa a Ingila ta faɗa miki babban likitan sashe yana kwaikwayon lafazinta gaban marasa lafiya, kuma ita kaɗai yake hana aikin tiyata.

Kada ki fara da "ƙila ba haka yake nufi ba". Wannan maganar ce ke rufe bakin mutane. Ki saurare ta, ki tambaye ta me take so a yi, domin wata gyara kawai take nema, wata kuma ƙara a rubuce. Ta riƙa rubuta rana, wuri, abin da aka faɗa da waɗanda suka ji, tun abin yana sabo a ranta.

Abin da ya fi damuna shi ne wanda ake ƙorafi a kansa yakan zama mai sa hannu a takardar tantance ta. Sai an canza mata mai tantancewa tukuna bincike zai yi ma'ana. Ba ita za a ɗauke daga sashen ba, yin haka tamkar hukunta ta ne. Dokar daidaito ta 2010 ta haramta musguna wa wanda ya kai irin wannan ƙorafi, ki tuna wa hukumar asibitin haka.

Ɗalibar ta tuntuɓi ƙungiyar likitoci ta BMA idan mamba ce. Idan kotun ma'aikata za a je, sai an bi ta ACAS, hukumar sasanta ma'aikata da masu ɗaukar su aiki, kuma wa'adin shigar da ƙarar gajere ne, kada jiran binciken cikin gida ya cinye shi. Ke kuma ki riƙa neman ta kina sanar da ita inda maganar ta kwana.