Kar ka je Panteka tukuna, fara cire farar wayar nan

Na ji saƙon muryarka bayan sallar asuba, jiya ina hanya ba sabis. In na fahimce ka daidai, masuncin nan na gefen Shiroro ya kawo injin kwalekwalensa Yamaha 15 ya ƙi tashi, ka cire fulogi ka ja igiya babu wuta ko ɗis, ga kuma na'urarsa ta gano kifi da ke mutuwa da kanta a tsakiyar ruwa, shi ne kake tambaya ko ka karɓi kuɗi a hannunsa ka je kasuwar Panteka ka sayo sabon CDI, wato akwatin da ke sarrafa wutar fulogi, ita kuma na'urar ka ce masa ta gama yayi. Toh ɗana, kar ka karɓi ko sisi tukuna.

Ni kaina na taɓa yin wannan ɓarnar shi yasa nake ɗaga murya. Lokacin ban daɗe da barin gaban maigidana ba, wani dattijo ya kawo min inji daga Kangimi, babu wuta, ni kuma kai ya kumbura an fara ce min oga, na ce masa Baba akwatin ne ya ƙone. Sai da ya saida raga ya haɗa kuɗin. Na ɗaura sabo na ja igiya, shiru. Na sake ja har kafaɗata ta riƙe, shiru. Ashe ɗan jan maɓallin kashe injin ne ruwa ya shiga cikinsa ya yi tsatsa. Kuma ka san kayan wuta a kasuwa, in ka ɗaura an gama, babu mai karɓa ya maida maka kuɗi. Dattijon bai zage ni ba, kallona kawai ya yi ya ce Allah Ya kyauta, wlh har yau da zagin ya yi da ya fi min sauƙi.

Ga yadda abin yake. Wannan injin na igiya ba ruwansa da batir wajen ba da wuta, shi ke yin wutarsa da kansa. Akwai maganaɗisu a jikin fulayiwil, faifan ƙarfen nan mai juyawa da ke sama, in ka ja igiya yana wucewa ta kan kwail ɗin da ke ƙarƙashinsa sai wuta ta samu, CDI ya tara ta ya riƙe, wani ƙaramin kwail ya ba shi alamar lokaci ya yi, sai ya sake ta gaba ɗaya zuwa kwail ɗin fulogi wanda ke ɗaga ta har ta yi tsalle a bakin fulogin. Shi kuma maɓallin kashewa aikinsa ɗaya ne, ya haɗa farar waya da baƙa wutar ta zube a jikin inji. To ka ga in ruwa ko tsatsa suka haɗa su a ciki, inji a kashe yake har abada ko da akwatin jiya ya fito daga Japan.

Saboda haka fara duba ɗan roban nan mai igiya da ake saƙalawa a wuyan maɓallin, yana nan? Masunta kan yar da shi su ɗaure wurin da zaren koma. In yana nan, bi farar wayar daga maɓallin ka zare ta a inda ta haɗu, ka bar ta ba ta taɓa komai, ka sa fulogi a hularsa ka danna gindinsa a jikin ƙarfen inji sosai ka ja. In wuta ta dawo, shuɗiya mai ƙara tas tas, magana ta ƙare, maɓalli za ka canja. Amma kar ka ja igiya hular tana reto a iska, wutar in ba ta samu hanyar wucewa ba kan kwail take hucewa, kuma ka nisanta da ramin fulogi in akwai warin fetur. In za ka tada shi, cikin duro da ruwa ya rufe ƙafar, minti ɗaya a busasshe ya isa ya cinye robar famfon ruwa, sai ka gyara wuta ka jawo mana wani sabon aiki.

In ka zare farar waya still babu wuta sai ka ɗauko mitar awon wuta ka auna kwail ɗin ɗaya bayan ɗaya, ka gwada da lambobin da ke littafin da ke cikin durowa ta ƙasa, kar ka yi da ka. Duba baƙar wayar da aka ɗaure da noti a jikin inji, kwance ta ka goge da samfefa. Shi CDI mitarmu ba ta iya faɗa maka gaskiyarsa, sai kowa ya fita ya rage shi kaɗai sannan ake tuhumarsa, ko a nan ma ara za ka yi daga injin da ke aiki ka gwada kafin a kashe kuɗi.

Sai na'urar kifi. Ka ce ka auna batir ya ba ka 12.6 don haka wuta lafiya. Batirin lafiya, eh, 12.6 cikakke ne, 12.2 ya kai rabi, in ya sauka ƙasa da 12 a kai shi caji. Amma a ina ka auna? A kan batir, na'ura a kashe. Wannan ba awo ba ne, gaisuwa ce. Mita ba ta jan wutar kirki, ko silin waya ɗaya ya rage a ciki za ta nuna maka 12.6 ta yi maka murmushi. Kunna na'urar, ƙure hasken fuskarta, sa mita a can ƙarshen waya kusa da inda take shiga, sannan ka sa yaron shago ya riƙa girgiza wayar taƙi bayan taƙi kana kallon lamba. Inda lamba ta yi tsalle nan ɓarawon yake.

Kuma na san abin da za ka tarar tun kafin ka buɗe, don na sha gani. An murɗa waya da waya an naɗe da salatif an bar ta kwance a ƙasan kwalekwale inda ruwa da majinar tarwaɗa ke taruwa, ka feɗe robar ka ga tagullar ta koma kore ko baƙa tana farfashewa kamar garin kwaki, wani lokaci tsatsar ta bi cikin roba ta yi tafiyar kamu guda. Yanke har sai ka iske ja mai ƙyalli, in ba ka iske ba zubar da ita duka. In za ka sayi sabuwa kankare ta da wuƙa a gaban mai shago, in cikin ya fito fari to alminiyam ne aka shafa wa launi, a mota ma da ƙyar take shekara balle a ruwa. Ka haɗa da dalma, ka sa robar nan da ke tsukewa in ta ji wuta, ka ɗaga wayar ta bi gefen jirgi ta sama, kan batir ka goge ka shafa giris. Buɗe gidan fiyus ma, galibi takardar kwalin sigari za ka samu a ciki an naɗe, sa na gaske mai amfiya 3 kusa da batir, don mutanen nan da duhun asuba suke maƙala waya, rana ɗaya za a juya ja da baƙa.

Abu ɗaya kar ka yi, kar ka yanke wayar idon na'urar, wato ɓangarenta da ke shiga ruwa, wai za ka ƙara mata tsawo. Kuma in ka kunna a kan benci ka ga ba ta nuna zurfi kar ka ce ta lalace, sauti take turawa cikin ruwa ta jira ya dawo, a ruwa yana gudun kusan mita 1,500 a daƙiƙa ɗaya, a iska ba ta ganin komai. Kara kunnenka a jikin idon, in ka ji ƙas ƙas ƙas a hankali tana aiki. Gwajin gaske sai ka ɗauke ta a mashin ka sauka bakin kogi wajen Kabala, ka roƙi masu fito su shiga da kai inda ya ɗan yi zurfi.

Shi mutumin ka ba shi haƙuri ya kwana wurin 'yan uwansa, ka saya masa abinci a cikin kuɗin shago zan cire. Ka turo min hoton cikin maɓallin da na wayar da ka feɗe kafin la'asar, sannan ka maido min da sifana 10 ɗina inda ka ɗauke ta.