Ta'aziyya ga abokin ciniki da ake bi bashi

Malam, ka ce mahaifin abokin cinikinka ya rasu, kana binsa kuɗin kaya, kana tambaya ko waya ta isa. Ba ta isa ba in gari ɗaya kuke. Ka taka da ƙafarka cikin kwana 3 na zaman makoki, ka samu gefen tabarma, a shafa fatiha, ka ce masa "Ya haƙuri? Allah ya jiƙan Baba, ya kyautata namu zuwan." Ka ɗan zauna ka tashi. Maganar kuɗi kuwa ko da wasa kada ta fito.

Ni atamfa nake sayarwa a Kantin Kwari. Ranar da mahaifiyata ta rasu, wani da ke bina kuɗin kaya ya gama addu'a, ya matso kusa da kunnena yana tambayar yaushe zan buɗe shago. Na biya shi har sisinsa, amma ban sake ɗaukar kayansa ba. Sai fa in mamacin ne kake bi. Wannan daban ne, ka sanar da magada a keɓe tun da wuri, domin bashi ake fara biya kafin a raba gado.