Abin da ya sa ba a faɗa wa tsohuwa rasuwa kai tsaye

Ɗana, na ga saƙonka. Kana tambaya me ya sa aka hana ka kiran Hajiya a waya ranar da Allah ya yi wa Baffanka rasuwa, aka ce sai dattawa sun taka da ƙafarsu. Har kana ganin "jikin ya yi tsanani" da aka fara ce mata ƙarya ce.

Ba ƙarya ba ce, shimfiɗa ce. Ana tura wanda take jin nauyinsa, a tabbatar da mutum kusa da ita, a bari ta zauna, in da butar ruwan zafi a hannunta ta ajiye. A ce jiki ya motsa, a ambaci Allah, a ce sai haƙuri. Kafin a furta, ita da kanta ta fara Inna lillahi. Tausayi ne ya koya wa iyayenmu haka, ni kuma aikin jinya ya ƙara mini ganin hikimarsu.

Akwai jijiyoyi a jikin mutum da ba sa jiran izininsa. Su ne ke sa gaba ya faɗi, baki ya bushe, tafin hannu ya yi gumi. Da mummunan labari ya shiga kunne, ƙwaƙwalwa takan aika saƙo ta cikinsu kai tsaye zuwa zuciya, ta kuma tayar da wasu ƙananan halittu biyu da ke zaune bisa ƙoda su zuba sinadarin adirenalin cikin jini. Kaɗan daga cikinsa taimako ne. Idan ya yi ambaliya, sai ya sumar da tsokar zuciya. Babban ɗakinta na hagu, mai tura jini ga jiki, ƙasansa ya daina matsawa ya kumbura, samansa kuma yana ta matsa da ƙarfi, har ya koma kamar tulu mai siririn wuya. Mutum ya dafe ƙirji, numfashi ya gagara, ka rantse bugun zuciya ne, amma a duba hanyoyin jinin a tarar ba inda ya toshe.

Likitocin Japan ne suka fara bayyana ciwon a 1990, suka kira shi takotsubo. Bayan girgizar ƙasa da aka yi a yankin Niigata na Japan a 2004 an ga masu shi sun ƙaru. A 2005 likitocin asibitin Johns Hopkins a Amurka suka auna jinin masu shi, suka ga sinadaran firgita irin su adirenalin sun ninka na masu ainihin bugun zuciya sau 2 zuwa 3. Kuma kusan 9 cikin 10 mata ne, yawancinsu waɗanda haila ta ɗauke musu. Wato sa'o'in Hajiya. Akasari zuciyar kan murmure cikin makonni, amma wasu ba sa tashi.

Shi ya sa raina ke ɓaci in na ga an ɗora hoton mamaci a WhatsApp uwarsa ba ta sani ba. Haka ban yarda a ɓoye mata har a kai shi makwanci ba, hakkinta ne ta yi masa addu'a kafin a fita da shi.

Abu guda nake so ku yara ku ƙara a kan al'adar. In a gidan makoki tsohuwa ta ce ƙirjinta na ciwo ko numfashinta na sarƙewa, kada a ce kuka ne, a yayyafa mata ruwa a koma zama. A yi mata addu'a a cikin mota, a hanyar asibiti. Kai da ke kusa, ka riƙa leƙa Hajiya kwanakin nan, ka tambaye ta ƙirjin, don ba za ta faɗa da kanta ba.

Gwaggonka