Gonar gado da kuɗin dashen itatuwa: sa hannun yayanku bai hau kanku ba

Malam, Allah ya jiƙan mahaifinku. Ka rubuto daga ƙaramar hukumar Gada cewa ya bar muku gona ba a raba ba, masu wani shirin dashen itatuwa na gwamnati suka zo, yayanku ya sa hannu shi kaɗai, aka shata gefen arewa aka dasa darbejiya da dakwara, kuɗin kuma ba ku gan su ba.

Kafin ka yi faɗa da kowa, nemi kwafin takardar da yayanku ya sa wa hannu.  Shirye-shiryen da suka shigo Sakkwato, irin su Babbar Koriyar Ganuwa (shirin dashen itatuwa don tare hamada) da aka kafa wa hukuma a 2015, da ACReSAL (shirin farfaɗo da ƙasar noma da ta lalace) da Bankin Duniya ya amince wa dala miliyan 700 a 2021, sun fi karkata ga ba da dashe, kayan aiki da tallafi ta hannun ƙungiyoyi. Don haka abin da za ku iya nema yana cikin abin da aka rubuta: tallafi ne, haya ce, ko karɓe filin aka yi?

Idan karɓewa ce, Dokar Amfani da Ƙasa ta 1978 ta yi magana. Sashe na 28 ya ba gwamna ikon soke haƙƙin mallaka don amfanin jama'a, amma sai an ba mai filin sanarwa a rubuce. Sashe na 29 ya ce a biya diyya, sai dai diyyar ta amfanin gona ce da gini da makamantansu, ba ta ƙasar kanta ba. Wannan yana yi wa manoma ciwo, kuma ina ganin suna da gaskiya. Saboda haka ku ɗauki hoton kowane gawo da rijiya da ke wurin tun yanzu.

Idan kuwa haya ce ko tallafi, maganar ta dawo gida. Gadon da ba a raba ba na magada ne duka, har da mahaifiyarku da 'yan'uwanku mata, waɗanda su ne aka fi mantawa da su a irin wannan lamari. Girman yayanku bai ba shi wakilci ba. A Shari'a abin da ya ƙulla a kan kasonku bai zauna ba sai kun yarda, kuɗin da suka fito ta dalilin gonar kuma a raba su gwargwadon rabon kowa.

Kada ku tuge dashen. Zai iya zame muku laifin ɓarna, ga shi kuma su ne za su tare muku rairayi da iska.

Ku fara da sulhu gaban hakimi ko uban ƙasa, a rubuta abin da aka cimma, shaidu su sa hannu. Ku kuma kai wa ofishin shirin takardar ƙorafi da sunayen magada duka, kuna neman a dakatar da biyan mutum ɗaya, ku karɓi shaidar an karɓa. Shirye-shiryen Bankin Duniya dole suna da hanyar sauraron koke. In yayanku ya ƙi, kotun Shari'a ta yankinku za ta raba gadon ta kuma sa ya yi bayanin kuɗin. Ku tafi da maƙwabtan gona biyu da suka san iyaka.