Ina haƙƙin jagoran wasa ya tsaya, ina na 'yan wasa ya fara?

Tambaya: Malam, ni ke jagorantar Dungeons & Dragons, wasan labari da kowane ɗan wasa ke riƙe da jarumi guda, ga abokaina a manhajar hira ta Discord duk daren Asabar. Ɗaya kullum sai an yi nisa yake shigowa, ɗaya kuma ba ya barin kowa ya yi magana. Makon jiya jarumin wani ya mutu a faɗa, ya ce da gangan na kashe shi. Me ya kamata in nema a wurinsu, me kuma ya rataya a wuyana?

Amsa: Ɗan'uwa, bari in fara da mutuwar nan, don ita ce ke watsa zama. Tun da Gary Gygax da Dave Arneson suka fitar da wasan a 1974, jagora aiki biyu yake riƙe da su: shi ke motsa dodanni, shi ne kuma alƙali. A kan tebur ana ganin fuskarka da hannunka. A intanet murya kawai ake ji, shi ya sa zargi ba ya wuyar shiga. Don haka duk jifan dayis da zai iya ɗauke ran jarumi, yi shi a bainar jama'a. Manhajojin wasa irin su Roll20 da Foundry suna nuna sakamako a allon kowa, a Discord ma akwai wata manhaja, Avrae, mai yin wannan aiki. In dodo ya jefo 20, wato lamba mafi girma a dayis ɗin, kowa ya gani, ba sauran ƙorafi. Kuma kafin ɗan wasa ya afka, ka ja kunnensa: "Ƙaton nan ya fi ƙarfinka, ka tabbata?" In ya ce e, shi ya zaɓa.

Amma gaskiya gyaran daga tushe yake. Ku ware zama guda da ba a wasa, a yi magana kawai: jarumi na iya mutuwa ko a'a, ƙarfe nawa ake farawa, wane abu ne ba a so a taɓa a labari. Wani mai suna John Stavropoulos ya ƙirƙiro katin X saboda haka, kati ne da ɗan wasa ke ɗagawa ko taɓawa in labari ya shiga abin da ba ya so. A intanet rubuta X a akwatin hira ya isa, a tsallake wurin ba tare da an tambayi mutum dalili ba. Wannan ina riƙe da shi sosai, domin ba ka san abin da kowa ya taɓa gani a rayuwarsa ba.

Mai cinye magana kuwa, kada ka tsawata masa a gaban mutane. Sauya salon tambayarka. Maimakon "me za ku yi?", kira sunan jarumin wanda ya yi shiru: "Kai da ke bakin ƙofa, me ka gani?" Sau da yawa mai shirun ya buɗe makirufo sau biyu an riga shi, ya haƙura.

Mai latti, ka same shi shi kaɗai. In wuta ce ko sabis, yi masa uzuri, wani ya riƙe masa jaruminsa. In sakaci ne, ku fara a kan lokaci. Haƙƙinka ne a sanar da kai tun da wuri in ba za a zo ba, kowa kuma ya san abin da ke takardar jaruminsa, tunda ka kashe sa'o'i kana shiri.

Shi kuma wanda jaruminsa ya mutu, kira shi kafin Asabar. Saurare shi har ya gama, sannan ku zauna ku gina sabon jarumi a matakin da sauran suke, ka shigo da shi labari tun farkon zaman.