Amsa kan kambunan sarakunan tsohuwar Masar

Malam, ka tambaya ko da zinari aka ƙera kambunan Fir'aunoni. Har yau ba a tono farin kambin Kudancin Masar ko jan na Arewa ba, ko a kabarin Tutankhamun da aka gano a 1922, inda aka sami zoben kai na zinari mai siffar gamsheƙa da ungulu. Shi ya sa masana suke ganin da fata, ƙyalle ko saƙar ciyawa aka yi su, kayan da ke ruɓewa, kuma ina ganin hujjarsu tana da ƙarfi. Siffarsu kuwa a sassaƙe muka gada: allon dutsen Sarki Narmer, na wajen shekara 3100 kafin haihuwar Annabi Isa, ya nuna shi da farin kambi a fuska ɗaya, da ja a ɗayar.