Takardar Jirgin Ba Ta Ƙare Ba, Zan Iya Ɗaura Kayan da Ba Su da Shaida?

TAMBAYA: Assalamu alaikum Injiniya, Allah ya ƙara basira. Ni ƙaramin injiniya ne mai lasisi a wani kamfanin jiragen haya. Ɗaya daga cikin jiragenmu yana ƙasa saboda famfon mai na tankin fiffike ya mutu, wanda muka yi oda kuma an ce sai bayan makonni. Manajanmu ya samo wani a hannun dillali, sabo fil a ido, lambarsa ta yi daidai da ta littafi, sai dai babu takardar sakinsa, wato shaidar asalinsa da ingancinsa. Dillalin ya ce za ta biyo baya. Manaja ya ce in ɗaura in sa hannu, tunda takardar cancantar tashi ta jirgin ba za ta ƙare ba sai baɗi. Wallahi barci ya ƙaurace mini. In na ƙi, aikina na rawa. In na yarda, zuciyata ba ta kwanta ba. Ku taimaka mini da mafita.

AMSA: Wa alaikumus salam ƙanena. Kada ka ɗaura, kada ka sa hannu. Rashin barcin nan da kake fama da shi alama ce horon da aka yi maka ya shiga.

Maganar da ta fi damuna a cikin wasiƙarka ita ce ta manajanku, wai takarda ba ta ƙare ba sai baɗi. Kusan kullum sai na ji ta, daga bakin masu jirage, da manajoji, har da wasu matuƙan da ya kamata a ce sun fi ƙarfin haka. Sun ɗauki takardar cancantar tashi kamar takardun mota, a biya a karɓa a jefa a aljihu sai ranar sabuntawa. To ba haka take ba. Takardar nan da sharaɗi aka bayar da ita: jirgin ya ci gaba da zama daidai da ƙirar da hukuma ta amince da ita, kuma ya kasance cikin yanayin da zai tashi lafiya. Duk lokacin da ɗaya daga cikin biyun nan ya warware, cancantar ta faɗi nan take, ko da takardar tana maƙale a ƙofar jirgi da hatiminta. Shi ya sa a Amurka irin wannan takarda ba ta ma ɗauke da ranar ƙarewa, tana aiki ne muddin ana kula da jirgin bisa ƙa'ida. A Turai ma haka, sai dai ana haɗa ta da takardar bita da ake sabuntawa duk shekara. Ranar da manajanku yake kallo ba ta da abin da za ta ce game da famfon da ke hannunka.

Famfon da ba ka iya nuna asalinsa ba, ba ka iya nuna ya dace da ƙirar jirgin ba. Da zarar ka ɗaura shi, jirgin ya fita daga sharaɗin farko, kuma sa hannunka ne zai shaida cewa bai fita ba.

Sai kuma batun "sabo fil a ido". Ana cewa ido ba mudu ba ne amma ya san kima. A wannan sana'a tamu ido bai san kima ba. A watan Yunin 1990 wani jirgin British Airways ƙirar BAC 1-11 ya tashi daga Bamingam, yana cikin hawa sai gilashin gaban kyaftin ya fice, iska ta fizgi kyaftin ɗin har rabin jikinsa ya fita waje, ma'aikata suka riƙe ƙafafunsa har aka sauka. Allah ya yi da sauran kwanansa. Da aka bincika, notuna 84 cikin 90 da aka ɗaure gilashin da su sun gaza kaurin da ake buƙata da abin da bai kai milimita ɗaya ba. Wanda ya ɗaura ƙwararre ne, ya daɗe a aiki, ya gwada tsohon noti da sabo da ido ya ga sun yi kama. Waɗannan fa notuna ne na gaskiya daga sito, ba jabu ba. Ina ga abin da aka ƙera da niyyar ya yaudari ido?

Watanni tara kafin nan, a Satumban 1989, jirgin Partnair ƙirar Convair 580 ya tashi daga Oslo zuwa Hambog, ya tarwatse a sama ya faɗa teku kusa da gaɓar Denmak. Mutum 55 ne a ciki, babu wanda ya tsira. Masu binciken Norwe sun gano cewa uku daga cikin notuna huɗu da ke riƙe da wutsiyar jirgin ba na ƙwarai ba ne, ba a gasa ƙarfensu yadda ya kamata ba, saboda haka ba su da ƙarfin da aka tsara. Gashin ƙarfe ba ya nunawa a fuska. Ka juya noti a tafin hannunka yadda ka ga dama, ka haska shi da tocila, ba za ka gani ba. Abin da kawai zai gaya maka shi ne tarihin da ya biyo shi daga masana'anta. A famfonku kuwa abin ya fi haka nauyi, domin injin lantarki ne da ke zaune cikin tankin mai. Waya ɗaya da aka naɗe da ganganci a ciki ta isa.

Su kuma dillalan nan masu "takarda za ta biyo baya", na gaji da su. Fom ɗin sakin kaya, wato Fom 1 na EASA (hukumar kula da lafiyar jiragen sama ta Turai) ko Fom 8130-3 na FAA (takwararta ta Amurka), ba rasit ba ne da ake mantawa a tebur. Wanda ya ƙera kayan ko ya gyara su shi ke cika shi a lokacin da ya sake su, da lambar kayan, da lambar siriyal, da aikin da aka yi, da lambar izinin kamfaninsa. In kaya suka iso babu shi, ɗayan biyu ne: ko dai bai taɓa wanzuwa ba, ko kuwa ana can ana shirya shi a kwamfuta. Kuma ko ya zo, kada ka saki jiki. A 2023 aka bankaɗo wani kamfanin dillanci a Landan mai suna AOG Technics da ya sayar da kayan injin CFM56, wanda ke kan jiragen Boeing 737 da Airbus A320 masu ɗimbin yawa, da takardun bogi. Masu gyara a Lisbon ne suka lura kayan da takarda ta ce sababbi ne suna da alamun an mora. EASA ta fitar da gargaɗi, manyan kamfanoni suka riƙa sauke injina suna bincike. Waɗannan suna da sashen tantance inganci cike da ma'aikata, amma aka shammace su. Don haka in takarda ta zo, ka tuntuɓi kamfanin da sunansa ke kai ta lambar da ka nemo da kanka, ba wadda dillali ya ba ka ba, ka tambaye su ko su suka fitar da ita. Ka duba ko izininsu ya ƙunshi irin wannan kaya. Fom ɗin da kansa ya rubuta a ƙasansa cewa shi kaɗai ba izinin ɗaurawa ba ne: kai ne za ka duba littafin kayayyaki, ka duba ko akwai umarnin AD, wato umarnin gyara ko bincike na dole daga hukuma, a kan wannan lamba, ka tabbatar ya dace da wannan jirgin.

Ban wanke hukumomi ba. Akwai sufetocin da in dai fayil ya yi kauri shi ke nan, ba za su leƙa ƙarƙashin fiffike ba, kuma akwai ofisoshin da amsar wasiƙa ɗaya sai ta ci wata. Irin wannan ne ya koya wa mutane raina takarda. Amma jan ƙafar ofis ba ya mayar da famfon bogi na gaske.

Mafita akwai. Fara buɗe jerin MEL na kamfaninku, wato jerin na'urorin da aka yarda jirgi ya tashi ko da ba sa aiki. A jirage da yawa ana yarda a tashi da famfo ɗaya a kashe bisa wasu sharuɗɗa, kamar ƙarin mai a tanki ko taƙaita tsayin tashi. In naku ya yarda, ka duba rukunin, wanda ke nuna wa'adin da aka yarda a ci gaba da tashi kafin a gyara: B kwana 3 ne, C kwana 10, D kwana 120, A kuwa abin da aka rubuta a wurin. Ka bi matakan injiniya da na matuƙi sak, ka liƙa alama a ɗakin tuƙi. In bai yarda ba, jirgi ya zauna. Ku nemi aro ko musaya daga wani kamfani mai irin jirginku, ko ku yi odar gaggawa ta jirgin da ke ƙasa, wadda masu ƙera kaya suke ba fifiko. In dole ne a kai shi wani wurin gyara, akwai izinin tashi na musamman daga hukuma, ba tare da fasinja ba.

Game da aikinka, kada ka tsaya cacar baki da manaja. Ka rubuta wa shugaban sashen inganci a taƙaice: ga kayan, ga lambarsu, ga abin da babu, ga dalilin da ba za ka iya sakin jirgin ba. Ka ajiye kwafi. Lasisin nan hukuma ce ta ba ka da sunanka, ba kamfani ba, kuma in wani abu ya faru, Allah ya kiyaye, hatiminka za a tarar a littafin jirgi, ba na manaja ba, ba na dillali ba. In aka matsa maka, hukumomin sufurin sama suna da hanyar kai rahoto a asirce.

Shi kuwa famfon, ka ɗaura masa jan tambari, ka ɗauki hotonsa da lambobinsa, ka kulle shi a kejin keɓe kaya, a sanar da hukuma cewa ana zargin kaya ne marasa izini. Kada ku mayar wa dillalin don a dawo muku da kuɗi, domin gobe zai kai shi wani kamfanin inda injiniyan bai tsaya tambaya ba.